Safiyar Lahadi a Bassa: Abin da Muka Koyo Wajen Masu Gadi da Karnukansu

A wannan wata maganar kare muka zo da ita. Mun san wasu za su ce, "Haba Malam, duk abubuwan da ke damun Hausawan Duwala ba ku ga na rubutawa ba sai kare?" To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Kwanakin baya wata yarinya 'yar ajinmu, mai shekara 10, ta yi kwana uku ba ta zo makaranta ba. Da muka bincika, ashe ta raka yayarta tallar kunu da ƙosai can wajen masana'antun Bassa, wani kare ya sulalo ta ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe ya cafke ta a ƙwauri. Da aka kawo ta gida sai aka shafa mata toka da manja, aka ɗaure da tsumma, aka ce Allah Ya sawwaƙe. Sai da muka taka da ƙafarmu muka roƙi mahaifinta kafin aka kai ta asibiti aka fara yi mata allura. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, ta dawo aji. Amma har yau ba wanda ya san mai karen, balle a tambaye shi ko an taɓa yi wa karen nasa rigakafi. Wannan shi ya sa muka ɗaura niyyar zuwa Bassa mu gane wa idonmu.

Mun tashi ranar Lahadi bayan sallar asuba, mu biyu da wani abokin aikinmu. An kwana ana ruwa, irin ruwan Duwala da ba ya jin roƙo, magudanun New Bell duk sun cika sun tumbatsa. Masu shayi sun hura wuta, mahauta sun fara wasa wuƙaƙe, 'yan bensikin sun jeru a bakin titi suna jiran fasinja. Duk wanda ya san unguwarmu ya san yadda take: gida manne da gida, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Wannan matsi yana da tarihi. Jamusawa ne suka tsara New Bell a shekarun da suka gabaci yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙudura tashin 'yan ƙasa daga bakin kogin Wouri, su bar fili mai faɗin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya baƙi ne suka cika unguwar, cikinsu har da kakanninmu da suka zo da fatauci da sana'ar fawa. A irin wannan zama ba inda za a ajiye kare. Saboda haka 'ya'yanmu suke tashi abu biyu kawai suka sani game da shi, wato jifa da gudu, kuma dukkansu biyun su ne ke jawo cizo.

Muka hau bensikin muka fito mahaɗar Ndokoti. A ranakun aiki wurin nan ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba, amma da safiyar Lahadi sai ka ji har ƙarar takunka. Daga nan an shiga ƙasar mutanen Bassa, waɗanda unguwanninsu ke farawa da Ndog ko Log, kamar Ndogbong da Logbaba, wato zuriyar wane. Unguwar masana'antu kuwa tana hannun hukumar MAGZI, wadda gwamnati ta kafa a 1971 don tsara filayen masana'antu, ita ce kuma ke kula da ta Bonaberi a ƙetaren kogi. A yankin nan ake sarrafa koko, ana yin sabulu, ana ƙera tukwanen alminiyon da matanmu ke girki da su. Nan ma babban garejin gyaran jiragen ƙasa yake. Dogayen katangu ne hagu da dama, an yi musu rawani da waya mai ƙaya, manyan motoci sun yi layi suna jiran Litinin. A ƙofofi da yawa akwai allo da hoton kan kare da gargaɗi cikin Faransanci. Muka ce wa juna, yarinyar da ke ɗauke da bokitin kunu a ka yaushe za ta tsaya karanta allo?

Wanda muka je wurinsa wani dattijo ne mai gadi, mahaifin wani tsohon ɗalibinmu, ya haura shekara 20 yana wannan aiki. Ya tarbe mu da shayi, ya ce, "Malam, kun zo a daidai. Yau ranar fili ce." Ya ja mu bayan wata ma'ajiyar kaya, sai ga wani fili kamar rabin filin ƙwallo, katanga ta kewaye shi ta gefe uku, an tare ɗaya gefen da waya. A nan masu kula da karnukan gadi na kusa suke haɗuwa duk Lahadi, su saki karnukan su motsa jiki, su yi musu horo. Muka tarar da karnuka bakwai. Akwai irin na Jamus mai tsayayyun kunnuwa, akwai wani ƙato mai faɗin kai irin na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel, akwai kuma namu na gida jajaye masu siririn jiki.

Muka tsaya daga bayan waya, gabanmu na faɗuwa. Muka ce, "Baba, wanne ne ya fi mugunta a cikinsu?" Muna zaton ƙaton nan zai nuna. Sai ya yi dariya ya nuna wata 'yar ƙaramar karya da ta raɓe a jikin katanga, wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, tana ta lasar baki. Ya ce, "Waccan. Matsoraciya ce. Matsoracin kare in ya ga hanya gudu zai yi, in aka tare masa hanya kuwa haƙori ne kaɗai ya rage masa. Ita ce ta taɓa cizona, shi wancan ƙaton ko sau ɗaya."

Daga nan ya shiga karanta mana halayensu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malami ke karanta rajistar aji. Akwai mai kishin wuri, wanda a cikin filin nan lafiya lau yake, amma a bakin ƙofar da yake gadi ko uban gidansa sai ya yi masa magana kafin ya matso. Akwai ɗan saurayi mai son wasa, wanda zai durƙusa da ƙafafun gaba ya ɗaga gindi sama, ba faɗa yake nema ba, amma nauyinsa kaɗai ya isa ya ka da yaro. Akwai tsoho mai ciwon gaɓoɓi wanda ba ya son a dame shi. Akwai karya mai shayarwa, wadda ba a kusantar 'ya'yanta. Akwai kuma wanda Baba ya kira mai shiru. Ya ce, "Malam, mai haushi yana ba ka labari ne. Wanda ya yi tsit, jikinsa ya sandare, gashin ƙeyarsa ya miƙe, ya kafa maka ido, to wannan ya gama shawara." Ya ƙara da cewa kada a ruɗu da kaɗa wutsiya, domin kare yakan kaɗa ta cikin murna, yakan kuma kaɗa ta a sandare can sama yayin da ransa ya ɓaci. Hausawa dai sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Dabba ba ta aikata abu sai ta nuna alama, mu ne ba mu iya karantawa ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne dokokin filin. Ba a rubuce suke ba, amma kowa ya san su. Ba a shigo da karen da ba shi da katin rigakafi daga likitan dabbobi. Ana shigowa ɗai-ɗai ne, a rufe ƙofa, sa'an nan a kwance sarƙa, domin a bakin ƙofa aka fi yin faɗa idan na ciki suka taru a kan baƙo. Manya suna fara shiga, in sun gama a fitar da su ƙanana su shiga. Karya mai neman barbara a gida take zama. Ba a shigo da abinci ko ƙashi, ko da ƙosai ne a aljihu. Wanda aka san yana cizo ana sa masa takunkumi, a ɗaura jan ƙyalle a sarƙarsa don kowa ya ba shi wuri. Kowa idonsa a kan karensa, ba a zama hira ko danna waya. Kowa ya kwashe kashin da nasa ya yi. Yara kuwa ba sa shiga ko kusa. Muna tsaye sai biyu suka sarƙe da faɗa. Ba wanda ya sa hannu a tsakani. Wani ya watsa musu bokitin ruwa, wani ya zura faifan katako ya raba su, aka fitar da wanda ya fara. Baba ya ce yawancin tabon da ke hannun masu wannan aiki a wajen rabon faɗa suka same shi.

Da muka koma gida muka duba, sai muka ga ashe abin da waɗannan bayin Allah suka gano da kansu shi ne ake bi a ƙasashen da suka keɓe wa karnuka dandali na musamman. Wanda ake ɗauka shi ne na farko a Amurka an fara shi ne a 1979 a garin Berkeley na jihar Kalifoniya, ana kiransa Ohlone. Birnin New York ya buɗe nasa na farko a lambun Tompkins Square a 1990. A irin waɗannan wurare akan yi ƙofa biyu, ka shiga ta farko ka rufe kafin ka buɗe ta biyu, don kada wani kare ya kuɓuce zuwa titi. Akan raba filin gida biyu, na manya da na ƙanana. Akan hana shigo da kwikwiyon da bai gama allurarsa ba, da karya mai neman barbara, da karen da aka san shi da faɗa. Jan ƙyallen Baba ma yana da ɗan'uwa: a ƙasar Suwidin a 2012 aka fara wani yunƙuri na ɗaura rawayan ƙyalle a igiyar karen da ke bukatar a ba shi tazara, ko don tsoro, ko ciwo, ko tsufa. Kuma ko a can masana suna faɗa cewa ba kowane kare ne dandali ya dace da shi ba. Wani ya fi samun natsuwa in an zaga da shi shi kaɗai.

Akwai kuma dokar hukuma. Ingila ta yi dokar karnuka masu haɗari a 1991. Faransa ta yi tata ranar 6 ga Janairu 1999, ta kasa irin waɗannan karnuka kashi biyu, ta wajabta musu takunkumi da igiya a bainar jama'a. Mu a nan Kamaru, sashe na 1385 na kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya ɗora wa mai dabba, ko wanda ke amfani da ita, alhakin duk ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce masa. Kamfanonin gadi masu zaman kansu kuma suna ƙarƙashin dokar 10 ga Satumba 1997. Ma'ana, idan karen wani ya ciji ɗanka a kan hanya, neman kuɗin magani ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne. Sai dai haƙƙi ba ya samuwa in ba a san ƙofar da karen ya fito ba.

Mun tambayi Baba me ke lalata kare. Ya ce abu uku: sarƙa, yunwa da duka. Wasu iyayen gida suna zaton in aka ɗaure kare yini guda cikin rana, aka hana shi abinci, shi ne zai yi zafin gadi. Abin da ake samu shi ne dabbar da ba ta bambance ɓarawo da 'yar talla. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 kan karnukan birnin Denver ya nuna cewa karen da ake ɗaurewa da sarƙa ya fi wanda ba a ɗaurewa yawan cizo kusan ninki uku. Likitocin dabbobi kuma sun ce watanni ukun farko na rayuwar kwikwiyo su ne lokacin da yake sabawa da mutane da sauran dabbobi. Wanda aka kulle a wannan lokaci da wuya ya rabu da tsoro. Mu malaman makaranta wannan bai zama mana baƙon abu ba.

Mun san akwai masu cewa Musulmi ba ruwansa da kare. A nan sai mu yi hattara. Hadisai sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umurni ne. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoron maƙiya. Kowa kuma ya san labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba muna cewa a shigo da kare ɗaki ba ne. Muna cewa ne jifan dabbar da ba ta yi maka komai ba ba ya cikin tarbiyyarmu, kuma 'yan'uwanmu da ke neman halaliyarsu da wannan aiki ba abin ƙyama ba ne.

Yanzu ga babbar magana, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samunsa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar iyaye: rauni ya warke, an manta, sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya kasa haɗiye ruwa. Idan alamu suka bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana allura tana hanawa. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister wannan allura ya rayu. Cibiyar Pasteur ta Kamaru da ke Yawunde, wadda aka kafa a 1959, sunansa ta ci. Ranar mutuwarsa, 28 ga Satumba, ita ce aka mayar ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa da shi ta hanyar kare. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan yanke.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, a duba agogo, kada a yi ƙiyasi. A zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko manja, ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Allurar ba guda ɗaya ba ce, a koma a duk ranakun da likita ya rubuta ko da rauni ya warke. A gane ƙofar da karen ya fito, a nemi katinsa, a sa likitan dabbobi ya sa masa ido na kwanakin da doka ta tanada. Kuma a gaya wa yara kada su ɓoye cizo ko yakushi don tsoron duka. Yaron da ya san za a doke shi in ya faɗa, shiru zai yi.

Ga kuma abin da Baba ya ce mu koya wa 'yan makaranta, mun kuwa fara tun ranar Litinin. In kare ya nufo ka kada ka ruga, domin gudu ke tayar masa da son kamu, kuma ba ka fi shi sauri ba. Ka tsaya cik kamar itace, hannuwa a jiki, ka kau da ido gefe, kada ka yi ihu. In ya shinshina ya juya, ka ja da baya a hankali. In kana ɗauke da kaya ka sa su tsakaninka da shi. In ya ka da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannuwa. Kada ka taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko yana tare da 'ya'yansa, kada kuma ka zura hannu ta cikin waya. Muka fitar da su filin makaranta muka gwada, ɗaya ya zama kare saura suka zama itatuwa. An sha dariya, amma sun riƙe.

Daga ƙarshe muna kira ga masu unguwanninmu da limamai da ƙungiyoyin iyayen yara su ɗauki wannan magana. A nemi ofishin ma'aikatar kula da dabbobi ya turo jami'i ya yi wa jama'a bayani, a kuma sanar a masallatai duk lokacin da aka shirya yi wa karnuka rigakafi. Masu masana'antu su toshe ƙarƙashin ƙofofinsu, su tabbatar karnukansu suna da kati da abinci da inuwa. Mu iyaye kuma mu sake tunani kan tura ƙananan yara talla cikin unguwar da ba kowa a titi sai katanga da kare. Rigakafi dai ya fi magani.

Da za mu rabu da Baba wajen ƙarfe goma, rana ta fara leƙowa, ya rako mu har bakin titi. Ya ce, "Malam, ku gaishe mini da yarinyar nan. Ku ce mata in ta ga kare ta tsaya." Mun isar da saƙo. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.